Tsuntsaye da Malam-Buɗe-Littafi a Kasuwar Kifi

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, sau da yawa mu kan yi kukan ba mu da kayan koyad da ilmin halitta. To, ni dai na sami wani aji wanda ba a biya masa ko kwabo, watau Kasuwar Kifi ta Baga Road da ke nan Maiduguri.

Kowa ya san kasuwar. Nan a ke kawo bandar tarwaɗa da karfasa cikin kwalaye daga Baga, a bakin Tafkin Chadi, tafiyar kusan kilomita 200. Inda kifi ya ke kuwa ba a rasa ɓurɓushi da ƙudaje, inda waɗannan su ke kuma ba a rasa tsuntsu. Wanda ya je da sassafe ya zauna gindin dogon yaro zai ga shirwa tana jewa, hankaka yana tsince-tsince, ga kuma balbela da kurciya.

Wata Asabar ina zaune ina rubutu, sai wani dattijo mai sayad da kifi ya ce, "Malam, me ka ke ƙirgawa a sama?" Na ce, "Tsuntsaye ne, Baba." Ya ce, "To, ka ga ungulu?" Na duba littafina, na ga ban taɓa rubuta ta ba. Ya ce, "Yaro, sa'ad da na ke kamarka sai da sanda mu ke korarsu." Na tambaye shi shekarar da su ka daina zuwa, ya ce bai riƙe ba.

Wannan magana ita ce dalilin rubutun nan. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, amma ga shi ta janye jiki ba wanda ya rubuta ranar. A shekarar 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000, mun kuwa san haka domin an auna an rubuta. Ungulun kasuwarmu fa, wa ya ƙirga ta? A shekarar 2015 masana su ka sa wannan ungulu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. A kan kashe ta don a sayad da sassan jikinta ga masu magani, ta kan kuma ci mushen da a ka sa wa guba. Ƙwai ɗaya tak ta kan saka a sheƙa, saboda haka in an rage ta ba ta saurin komowa. Ita ce kuwa mai share mana mushe kyauta.

Yaya za mu yi kallon da zai amfani na baya? Da fari sai a nemi ƙaramin littafi da fensir. A rubuta kwanan wata, da lokaci, da wurin, da yadda gari ya ke, ko hazo ko hadari. Sa'an nan a rubuta girman tsuntsun, da launin bakinsa da ƙafafunsa, da abin da ya ke ci, da yawansu. In an je ba a ga kome ba, a rubuta haka, gama wannan ma labari ne. Ranar da a ka fara ganin shamuwa kada a manta da ita. Ta kan iso gab da damina, ta yi sheƙa cikin gari, in ruwa ya ɗauke ta koma kudancin Afirka.

Hoto shaida ne ga abin da ido ya gani, kyamarar wayar hannu ma ta isa. Ka juya wa rana baya, ka je kafin ƙarfe 9, ka sa tufafi marasa haske, ka zauna shiru har tsuntsu ya manta da kai. Ga misalin amfanin hoto. Shirwa iri biyu ce ke zuwa mana. Tamu ta Afirka in ta girma bakinta rawaya ne duka. Ɗayar kuwa ƙarshen bakinta baƙi ne, daga Turai ta kan zo mana cin rani. Ido ba ya rarrabe su a sama, amma in an buɗa hoto sai a gani.

Kada ku yi mamakin baƙi daga Turai. A shekarar 1967 waɗansu masana daga Ingila sun zauna a Malamfatori, bakin tafkin, suna kama ƙananan tsuntsaye, su auna nauyinsu, su sake su. Sun ga yadda su kan yi ƙiba ƙwarai kafin su ƙetare Hamada, kamar yadda fatake kan yi guzuri.

Malam-buɗe-littafi shi kuma sai a neme shi a gefen kasuwa, inda ƙasa ke da danshi ko inda tumfafiya ta tsiro. Akwai wani ja mai baƙin gefe da ɗigon fari, wanda kan saka ƙwansa a ganyen tumfafiya. Tsutsarsa ta ci ganyen, dafin ya zauna a jikinta, shi ya sa tsuntsaye ba su son cinsa. Daga ƙwai zuwa tashi kamar wata guda ne. Malami ya iya sa tsutsar cikin kwali da ganye, yara su ga abin da idonsu, sa'an nan a sake shi. Hotonsa ya fi sauƙin ɗauka da sanyin safiya, sa'ad da ya buɗe fukafukai yana shan hantsi, amma kada inuwarka ta faɗa kansa.

Sai gargaɗi. Kasuwa wurin neman abincin mutane ce, garinmu kuma ya sha wahala. A fara gai da shugabannin kasuwa a nemi izini. Kada a ɗauki hoton mutum sai ya yarda, kada a nuna kyamara wajen jami'an tsaro. Kada a taɓa sheƙa, yara kuma su bar danƙo a gida.

Ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu. Ina roƙon kowannenmu ya buɗe wa ajinsa littafin tsuntsaye, ya bar shi ga wanda zai gaje shi. In wani yaro ya tambaya bayan shekara 30 yaushe ungulu ta tafi, ko yaushe ta komo, a sami shafin da za a buɗe masa.