Kashin Yaro Ba Nono Ba Ne

Tun makon jiya wani saƙon murya yake yawo a wayoyin matan Sangere, daga zauren WhatsApp na 'yan biki zuwa na Islamiyya, har ya tsallake gada ya shiga Jimeta. Wata mata ce da ba ta faɗi sunanta ba, tana koyar da yadda ake raba yaro da kunzugu. Ƙanwata ta turo mini, ta ce, "Yaya, wai haka ne?"

Wuri ɗaya ta yi gaskiya: ɗora jariri a kan ƙafa da safe, kamar yadda kakanninmu suke yi, ba ya cutar da shi, yana ma saba masa. Cewa Pampers yana hana namiji haihuwa ko yana sa gwame kuwa, babu hujjar da ta tabbatar. Abin da aka sani shi ne yana sale fata idan aka bar shi a jiƙe. Cewa yaron da ya shekara bai zauna a po ba ya lalace, wannan ma shaci-faɗi ne, don yawancin yara tsakanin shekara 1 da rabi zuwa 3 suke iya riƙewa.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne inda ta ce kashin ƙaramin yaro "nono ne kawai", a watsar a kwata ko a bayan ɗaki, ba sai an wanke hannu da sabulu ba. Wanda ba zai iya sa sunansa a magana ba, da wane ido yake ba wa uwaye irin wannan fatawa?

Ban ga laifin matan da suka yarda ba. Mun taso muna jin haka, kuma kashin mai shan nono ba ya wari kamar na babba. Amma wari daban, cuta daban. Ƙananan yara sun fi manya yawan gudawa, saboda haka kashinsu yakan ɗauko ƙwayoyin cuta da yawa. Ta kashi shan inna take yaɗuwa. Ta kashi rota take yaɗuwa, wadda sai a 2022 Najeriya ta sa rigakafinta cikin na yau da kullum. Kwalara ma haka, kuma yaro yana iya fitar da ita ba tare da ya kwanta ciwo ba. A 2019 ta ɓarke a Yola ta Arewa da Yola ta Kudu da Girei da Song, ta sake dawowa Yola ta Arewa a daminar 2024. Hanyoyin da ƙazanta take bi ta shiga ruwan sha suna da yawa, amma wannan tana tsakar gidanmu: ƙuda ya sauka a po ya tashi ya sauka a kokon kunu, mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, ruwan sama ya kwashi kunzugun da aka jefar a bola ya gangara da shi wajen rijiya.

Masu kafa hujja da sassaucin da ya zo kan jariri namiji su sani cewa maganar fitsari ce, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi shi ma wankewa ake yi.

Sai shawarar da ta rufe da ita, wai a doki mai fitsarin kwance a tara masa yara. Duka ba ya sa mara ta girma, tsoro yake ƙarawa, wani yaron har ya riƙa danne kashi cikinsa ya bushe. Kafin shekara 5 ba a ɗaukar fitsarin kwance ciwo. Idan ya wuce haka, ko ya daina ya dawo, ko akwai zafi, ko jini, ko yawan ƙishirwa, a kai shi asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta. Ranar rigakafi ma dama ce ta yi wa ma'aikaciyar jinya tambaya.

Don Allah, 'yan uwa, kada a ƙara tura saƙon nan. A juye po a masai, a wanke shi, a ƙulle kunzugun a leda, sannan uwa da ɗa su wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.