Haihuwar Akuya

Kai mai karatu, in kana zaune a ƙasar Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, da wuya a rasa jar akuya a gidanka. To, ka san kwana nawa ta kan yi da ciki? Wajen kwana 150 ne, watau wata 5. Tunkiya ma haka. Saniya wata 9 da 'yan kwanaki, goɗiya wata 11, raƙuma kuwa sai ta kai wata 13.

Akuya ba ta yarda da bunsuru kullum. In ta yi ta kuka tana kaɗa wutsiya, lokacin barbara ke nan. In ba ta ɗauka ba, bayan kamar kwana 21 sai ta sāke nema. Yanzu da ka iya rubutu, ran da aka barbare ta ka rubuta a takarda, ka ƙirga wata 5. Wadda aka barbara cikin Janairu ta kan haihu cikin Yuni, ga ruwa ga ɗanyar ciyawa. Ta Oktoba kuwa sai Maris, tsakiyar bazara. Wannan fa sai ka tanadar mata harawa da dusa tun da kaka.

In haihuwa ta matso, hantsarta ta kan cika, ta ware daga 'yan'uwanta, ta riƙa tonon ƙasa. Ɗan ya kan fito da ƙafafun gaba biyu, hancinsa bisa kansu. In ka ga haka, ƙyale ta. Jar akuya ta kan yi tagwaye, saboda haka kada ka yi saurin tashi. Amma in ta yi kusan sa'a guda tana nishi ba abin da ya leƙo, aika a kira malamin dabbobi. Kada ka ja da ƙarfi. Mabiyiya ma kada ka ja, ita da kanta za ta faɗo.

Mutane da yawa su kan tatse dakashi su zubar, wai ƙazanta ne. Kuskure ne babba. Cikinsa maganin da ke tsare ɗan daga cuta ya ke, kuma ranar farko ce cikin ɗan ke iya karɓarsa. Sa shi ya sha tun da wuri.

In ta yi ɓari, kada ka taɓa ɗan da hannu tsirara, gina rami ka binne. Watakila bakkale ne, mutum ma ya kan ɗauka. A tsibirin Malta, cikin 1905, aka gane nonon awaki ke sa wa mutane wannan zazzaɓi. Nonon irin wannan akuya sai an tafasa kāna a sha.