Kazar da Ta Yi Cara Ba Ta Zo da Saƙon Mutuwa Ba

Duk bayan 'yan watanni sai an turo bidiyo a WhatsApp: ga kaza ta miƙe wuya tana cara, mata sun yi cirko-cirko suna salati, mai ɗaukar hoton yana cewa ƙarshen duniya ya zo. A ƙauye ma ba a jiran waya. Da kaza ta yi cara da asuba, kafin hantsi an kama ta an yanka, wai in aka bar ta maigida zai mutu ko gidan ya watse. Da a wuyan kazar abin ke tsayawa da ban damu ba, don ko ba cara ƙarshenta tukunya ce. Abin da ya ishe ni shi ne abin da ke biyo baya. A fara hararar kishiya, a jingina wa tsohuwar maƙwabta maita, a kwashi kuɗin cefane a kai wa boka wai ya karya abin.

Ba ƙarya ba ne, kaza tana rikiɗa ta ɗauki kamannin zakara. Duk macen da ta taɓa feɗe kaza mai ƙwai ta san curin 'yan ƙwayayen nan da ke manne da ƙashin baya, manya da ƙanana. Wannan ita ce mahaifar ƙwai, kuma guda ɗaya ce, a gefen hagu. Ta dama tun kazar tana cikin ƙwai take tsayawa da girma, ta ƙanƙance ta yi shiru. Ta hagun ce ke fitar da sinadarin mata, wanda ke hana gashin zakara fitowa a jikin kaza, ya kuma danne ta daman. Idan ƙari ko ciwo ko tsufa ya lalata ta hagun, sinadarin matan ya yi ƙasa, sai ta daman ta farka ta fara fitar da sinadarin maza. Ƙwai ya tsaya. Zanko da leɓe su girma su yi jawur, murya ta buɗe, ta fara bin 'yan'uwanta kaji. In ta zubar da gashi, sabon da zai fito sai ya zo da tsini da sheƙi a wuya da wutsiya. Makonni ake yi, wani lokaci watanni, ba dare ɗaya ba kamar yadda masu ba da labari ke rantsuwa. Kuma a asalin halittarta tana nan mace.

To ina mutuwar maigida ta shigo cikin wannan?

Za a ce mini ai an gani, kaza ta yi cara a gidan wane, ba a rufa wata ba ya rasu. Allah Ya jiƙansa. Amma a wannan watan gidaje nawa aka yi rasuwa a garin ba tare da kaza ta ce uffan ba? Kaji nawa suka yi cara aka yanka, masu gidan suka ci naman suka rayu har suka ga jikoki? Nan sai a ce ai don an yi saurin yankawa ne. Ka ga an shirya camfin yadda ba zai taɓa faɗuwa ba: in an mutu kaza ce, in an rayu wuƙa ce. A manyan gidajen gona na Kano da Kaduna da Jos, inda ake ajiye kaji masu ƙwai dubbai, idan aka sami wadda ta daina ƙwai ta tsiro zanko, mai gonar cire ta yake yi ya sayar don tana cin abinci a banza. Ba ya kiran iyalinsa ya yi wasiyya.

Kuma kada wani ya ɗauka asirin ƙasarmu ne ya kai ga juya kaza. A shekarar 1474, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, an gurfanar da wani "zakara" bisa laifin yin ƙwai, aka yanke masa hukunci, aka ƙone shi a bainar jama'a. Su ma tsoro ne ya ruɗe su. Daga baya jikokinsu suka ajiye tsoron suka fara buɗe cikin tsuntsayen suna dubawa. A 1923 wani masani mai suna Crew, a Edinburgh ta Birtaniya, ya ba da rahoton kazar da ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, daga baya tarin fuka ya cinye mahaifar ƙwanta, ta koma kamar zakara har ta taka wata kazar aka sami 'yan tsaki biyu. Irin wannan da har ake samun haihuwa yana da wuya ƙwarai, shi ya sa ake ta ambatonsa har yau. Mafi yawansu cara kawai suke yi da cika baki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne masu wannan camfi mutane ne masu salla. Larabawan jahiliyya suna fasa tafiya saboda ɓangaren da tsuntsu ya nufa in ya tashi, Annabi (SAW) ya zo ya hana wannan. Yau ga mu muna karanta ajalin mutum a maƙogwaron kaza mara lafiya, har muna raba zumunci a kai. Matar da aka kira mayya saboda kaza, ita da 'ya'yanta sun shiga uku, har aure sai ya gagare su.

Ba kaza kaɗai ke rikiɗa ba, agwagwa ma tana yin haka. An fi lura da shi a irin ta Turai mai koren kai, inda mace ruwan ƙasa ce: in mahaifar ƙwanta ta lalace sai koren ya fara bayyana a kanta, gashin wutsiya ya lanƙwashe irin na namiji. Shi ma namijin yakan zubar da adonsa bayan lokacin barbara ya koma kamar mace na 'yan makonni, sannan ya dawo yadda yake. Tamu ta gida mai jan fuska, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, launin toro da na mace kusan ɗaya ne, girma ke bambanta su, don haka ba a cika ganewa ba. Akwai kuma kazar da ke cara lafiyarta ƙalau don babu zakara a gidan ita ce shugaba, akwai ɗan zakaran da aka sayo da sunan mace sai da ya kai wata huɗu ko biyar asirinsa ya tonu. Ɗan mitsitsin ƙwan nan marar gwaiduwa da ake cewa na zakara ne kuwa, kaza ce ta yi shi, galibi sabuwar fara ƙwai. Zakara ba shi da hanyar ƙwai a jikinsa.

Idan kazarki ta fara cara, uwargida, kama ta ki duba. Taɓa ƙirjinta ki ji ko ƙashi ya fito, ki taɓa cikinta ki ji ko ya kumbura ko ya cika da ruwa. Ki tuna yaushe rabonta da ƙwai. Ki lura da kashinta da yadda take cin abinci. In tana da kuzari da ƙiba, zaɓi naki ne: ki bar ta ta ci gaba da tsare gidan, ko ki sa a yanka in ta daina ƙwai, tunda da wuya ta sake yi. Namanta halal ne kamar na kowace kaza. In kuwa ta rame tana takure a gefe, ware ta daga akurki, a kira malamin dabbobi, domin wasu cututtukan da ke sa ƙari a cikin kaji suna yaɗuwa a tsakaninsu. In an yanka, a buɗe cikin a duba da kyau. Aka ga hanta ta kumbura ko ta yi ɗigo-ɗigo fari, ko aka ga ƙulluttai a hanji da wurin ƙwai, kada a dafa, kada a jefa wa kare. A haƙa rami mai zurfi a binne, a wanke hannu da wuƙa da sabulu. Kada kuma a kai ta kasuwa a sayar wa wani bawan Allah, wannan zalunci ne.

Sauran kajin ma suna da haƙƙi. A daina zuba musu dusa ko masara ko gyaɗar da ta yi funfuna don ana jin asarar zubarwa, gubar da ke ciki tana lalata hanta tana rage ƙwai. A share akurki, a sauya ruwan sha kullum, sabuwar kazar da aka sayo a ware ta mako biyu kafin a haɗa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin magungunan rigakafin kaji, a tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma yadda za a samu. Kuɗin da za a ba boka ya isa a yi wa kajin gida duka rigakafi har a yi saura.

Malamai masu wa'azi da masu unguwanni, don Allah ku sa baki. In kuka ji ana zargin wata mata saboda kaza ta yi cara, ku sa a buɗe cikin kazar a gaban mutane kowa ya ga abin da ke damun ta.