Faifan da babu muryar kowa: yadda 'Kind of Blue' ke rufe bakin mai gardama

A wajen yawancin 'yan kallon mu, kiɗan da babu waƙa tamkar miya ce babu gishiri. Ka kunna wa irin wannan mutum faifan jaz, abin da zai fara tambaya shi ne: to yaushe mawaƙin zai shigo? Idan faifan 'Kind of Blue' ne na Miles Davis, sai dai ya yi haƙuri, domin minti 45 zai yi bai ji muryar kowa ba.

An ɗauki faifan ne a wani situdiyon kamfanin Columbia da ke birnin Niyok na Amurka a zama biyu kacal, ran 2 ga Maris da 22 ga Afrilu, 1959. Miles, mai busa tarampet, bai ba makaɗan sa cikakken rubutaccen kiɗa ba. 'Yan tsirarun sautuka ya zayyana masu, kowa ya ƙirƙiro nasa nan take. Cikin su akwai John Coltrane da Cannonball Adderley masu busa saksafon, da Bill Evans a kan fiyano.

Mai gardama kan fara da tsaki, wai kowa gaban kan sa ya ke yi. Amma a kiɗan farko, 'So What', akwai tarko. Paul Chambers, mai kaɗa ƙatuwar garayar nan da ake kira bas, zai jefo magana, fiyano ya amsa da bugu biyu, daga bisani mabusa su karɓa. Ashe jagora ne da 'yan amshi! Duk wanda ya san kalangu na magana ba zai rasa gane wannan ba. Kafin a kai 'Blue in Green', inda Miles ya toshe bakin tarampet ɗin sa ta na kuka a hankali, gogan naka ya daina tsaki, ya yi tagumi.

Miles ya san harkar fim ma. A Disamba 1957, a Faris, darakta Louis Malle ya haska masa sassan fim ɗin sa 'Ascenseur pour l'échafaud', ya na kallo ya na busa, a dare ɗaya aka gama. Inda jaruma Jeanne Moreau ke yawo a titi ta na neman masoyin ta, busar ce ke faɗin abin da ke zuciyar ta.

Miles ya rasu a 1991, amma a 2019 an tabbatar cinikin 'Kind of Blue' ya kai kwafi miliyan 5 a Amurka kaɗai. Saura furodusoshin mu: dole ne sai an rera waƙa kafin ɗan kallo ya yi ƙwalla?