Yadda Kuɗin Gwamnati ke Zaɓa wa Naƙasassu Wurin Zama a Amurka

A Amurka, kaso mafi tsoka na kuɗin kula da naƙasassu na dogon lokaci yana fitowa ne daga shirin Medicaid, wanda aka kafa a 1965, gwamnatin tarayya da jihohi suke haɗa kuɗinsa. Tun farko dokar ta karkata gefe guda. Dole ne kowace jiha ta biya wa baligin da ya cancanta kuɗin zama a gidan jinya, amma yawancin hidimar da ake kai wa mutum har gida, irin su wanka da girki da ɗora shi kan keken guragu, sai jiha ta ga dama.

Illar wannan tsari ta fito fili a 1981 kan Katie Beckett, wata yarinya 'yar jihar Iowa da ke numfashi da taimakon na'ura. Muddin tana asibiti Medicaid na biya, amma da zarar ta koma gida za a duba albashin iyayenta a yanke tallafin, alhali jinyar gida ta fi araha nesa ba kusa ba. Shugaba Reagan ya sa baki aka sassauta mata. A shekarar ce kuma Majalisa ta ba jihohi damar neman izini na musamman don biyan hidimar cikin al'umma.

A 1999, a shari'ar Olmstead, Kotun Ƙoli ta duba ƙarar wasu mata biyu da aka ci gaba da riƙewa a wani asibitin masu taɓin hankali na jihar Jojiya, bayan likitocinsu sun ce za su iya zama cikin jama'a. Kotun ta ce killacewa babu dalili wariya ce a ƙarƙashin dokar kare naƙasassu ta 1990. Zuwa 2013, abin da Medicaid ke kashewa kan hidimar gida ya zarce na cibiyoyi irin su gidajen jinya a karon farko.

Sai dai tsugunne ba ta ƙare ba. Izinin na musamman ya ba jihohi damar ƙayyade gurabe, don haka a 2024 mutane kimanin 700,000 ne suke layin jira, wasu shekara da shekaru. Kuɗin da jihohi ke biya kuma ba ya isa a ba masu hidimar albashi mai kyau, sai su koma aikin kantuna. Inda aka rasa ma'aikaci, nauyin kan faɗa wa iyaye, galibi mata, ko kuma mutum ya koma gidan jinya, inda doka ta tilasta a biya.