Girman Akwatin da Ya Kamaci Kifin Fileko

Ya ku manoma da dagatai, ga wani bayani a kan wani baƙon kifi da ake sayarwa a kantunan kifin ado cikin manyan birane, ana ce da shi fileko. Mutane sukan ajiye shi cikin akwatin gilashi domin sha'awa, da kuma domin yana lashe gansakukar da ke fitowa a jikin gilashin. Abin da ya sa muka rubuta wannan takarda shi ne, yawancin masu sayensa ba su san irin girman da yake yi ba, sai bayan ya fi ƙarfin akwatin.

Asalinsa daga kogunan Amurka ta Kudu yake, musamman Amazon da rassansa. Dangin tarwaɗa da ƙurungu ne, amma shi jikinsa a rufe yake da sulke na ƙashi, bakinsa kuma yana ƙasa, da shi yake manne wa dutse ko itace. Wani masani mutumin Suwidin, Linnaeus, shi ya fara rubuta sunan ɗaya daga cikin irinsa a littafin masana cikin 1758. Da rana a ɓoye yake wuni, sai dare ya yi kana ya fito kiwo.

To, sa'ad da ake sayar da shi, tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba, watau inci 2 ko 3. Mai saye ya dube shi, ya ce ai ɗan akwati mai cin garwa uku ya ishe shi. Nan kuskuren yake. In yana samun abinci, cikin shekara ɗaya ko biyu yakan kai ƙafa guda, babbansa kuwa yakan kai inci 18, wani har 20, watau kamu guda ko fiye. Yakan kuma rayu shekara 10 zuwa 15. Kowa ya san ba a dasa kuka a kasko, kuma manomi ba ya auna rumbunsa da irin da ya shuka, da abin da zai girbe yake aunawa. Haka nan za ka yi da wannan kifi.

Akwai masu cewa wai kifi ba ya wuce girman mazubinsa. Kada ku karɓi wannan magana. Gaskiya ne in an ƙuntata shi girmansa yakan tsaya, amma irin tsayawar da ɗan akuya yake yi ne in yunwa da cuta sun kama shi. Ga dalili. Fileko maci ne ƙwarai, kashinsa kuwa da yawa. Daga ƙazantar kifi wani dafi yake fita cikin ruwa, sunansa amoniya, wanda ke ƙona hanyar numfashinsa. In ruwa da yawa, dafin ya tsarwatse, matatar ruwa ta sami damar kawar da shi. In ruwa kaɗan ne, kafin kwana biyu ya gurɓace, sauran ƙananan kifayen da ke tare da shi su fara mutuwa, shi kuwa da yake mai taurin rai ne, har yakan hau sama ya haɗiyi iska, sai ya daɗe yana wahala mai shi bai sani ba.

Yanzu ga yadda za ka san abin da akwati yake ci. Auna tsawonsa da fāɗinsa da zurfinsa da inci, ka riɓanya su, sa'an nan ka raba da 277. Abin da ya fito shi ne galan irin na Ingila. Garwar kananzir galan 4 take ci, watau wajen lita 18.

Akwati mai tsawon ƙafa 2, fāɗi ƙafa 1, zurfi ƙafa 1, garwa 3 ke nan. Wannan masauki ne kurum, na 'yan watanni. Mai tsawon ƙafa 4, fāɗi inci 18, zurfi inci 21, yana cin galan 65, garwa 16, kusan lita 300. Shi ne mafi ƙanƙanta da ya kamata mutum ya fara da shi, zai kuwa riƙe kifin har ya kai ƙafa guda. Amma babban fileko, abin da ya dace da shi shi ne mai tsawon ƙafa 6, fāɗi ƙafa 2, zurfi ƙafa 2, wanda ke cin galan 150, watau garwa 37, ko lita 680.

Ka lura da fāɗin fiye da zurfin. Kifin ƙasa ne, ba ya damuwa da ruwan da ke bisa kansa, filin da zai ja ciki shi yake so. Ga shi kuma sulkensa ya sa ba ya tanƙwaruwa kamar tarwaɗa. In tsawonsa inci 18 ne, fāɗin akwatin kuwa inci 12, ta yaya zai juya? Sai ya yi ta bugun gilashi da wutsiya, ya tumɓuke ciyawar da ka dasa, ya ture duwatsu. Dogon akwati tsukakke mai kama da tulu, ko da ya ci ruwa da yawa, ba shi da amfani gare shi. A bar masa kuma wurin da za a sa guntun itace wanda ya jiƙa sarai, gama yana son gurzarsa, yana kuma fakewa a ƙarƙashinsa.

Kafin ka biya kuɗi, ka tuna da nauyi. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Babban akwatin nan, in an cika shi, ya yi nauyin buhun masara bakwai, ban da gilashi da yashi. Ba a ɗora shi kan tebur na banza, sai dakali ko ƙafafun ƙarfe a daɓe mai ƙwari wanda ba shi da karkata. Kowane mako kuma tilas ka zubar da rubu'in ruwan ka sa sabo, watau garwa 9. Wanda rijiyarsa takan ƙafe da bazara ya yi wannan lissafi tun da wuri.

In ka ga ba ka iyawa, ba abin kunya ba ne. Akwai wani ƙaramin ɗan'uwansa mai gashin baki, masana suna ce da shi Ancistrus, ba ya wuce inci 5, a cin gansakuka kuwa ya fi babban himma, domin shi babban in ya tsufa yakan rage ta. Akwati mai tsawon ƙafa 3, mai cin garwa 6, ya wadace shi muddin ransa. A ganinmu shi ya fi dacewa da yawancin gidaje. Sai dai tun suna ƙanana wanda bai saba ba yakan rikita su, saboda haka ka tambayi mai kanti sunan irin da kuma iyakar girmansa. In ya kasa faɗa maka, ka bar masa kayansa.

Saura magana guda, ita ce ta fi shafar dagatai. Mutumin da kifi ya fi ƙarfin akwatinsa yakan ji tausayinsa, ya kai shi kogi ya sake. Ta haka ya bazu a ruwayen Filorida da Taksas a Amurka, da tafkin Laguna a Filifin. A madatsar ruwa ta Infiernillo a Meziko, masunta masu kamun karfasa suka koma jawo shi cike da taru, ƙayoyinsa suna yayyaga musu kaya, har suka sa masa suna kifin shaiɗan. Yana haƙa ramuka a gaɓa domin ƙwai, gaɓa ta riƙa zaizayewa. Ɓarnar ta kai har gwamnatin Bangaladash ta hana shigo da shi da kiwonsa da sayar da shi cikin 2023. Ruwayenmu masu ɗumi ne kamar na ƙasarsa, in ya shiga zai zauna.

Saboda haka muna roƙon dagatai da masu unguwa da sarakunan ruwa su gargaɗi jama'a, kada kowa ya saki wannan kifi a kogi, ko tafki, ko kududdufi, ko cikin ramin kiwon tarwaɗa, gama da damina ambaliya takan haɗa su duka. Wanda nasa ya yi masa girma, ya mayar wa mai kanti, ko ya ba wanda ke da babban akwati. Masuncin da ya kama shi a taru kuwa, kada ya jefa shi ruwa, ya kai wa malamin gona ya gani.