Wasan Nikolić da Arsović (1989)

Wasan Nikolić da Arsović wasan darar ces ne da aka buga a wata gasa a birnin Belgrade na tsohuwar ƙasar Yugoslabiya a shekarar 1989. Ivan Nikolić ne ya riƙe fararen 'ya'ya, Goran Arsović kuma ya riƙe baƙaƙe. An tashi canjaras bayan taku 269, cikin awa 20 da minti 15. Yana daga cikin wasannin gasa mafi tsawo a tarihin ces.

Buɗe wasa

An fara da 1.d4 Nf6 2.c4 g6 3.Nc3 Bg7 4.e4 d6. Wannan salon shi ake kira Kariyar Sarki ta Indiya. A cikinsa baƙi yakan ƙyale fari ya mamaye tsakiyar allo da sojojinsa, ya ajiye bishof a gidan g7, ya ɓoye sarkinsa, daga baya ya kai farmaki tsakiya da sojan e5 ko c5. David Bronstein da Bobby Fischer da Garry Kasparov duk sun yi fice da wannan salon.

Ƙarshen wasa

Da 'ya'ya suka ƙare, fari ya rage da sarki da hasumiya da bishof, baƙi kuma da sarki da hasumiya kaɗai. Irin wannan yanayi canjaras ne in mai karewa bai yi kuskure ba, amma karewar na da wuya. Tun a 1749 François-André Philidor ya nuna wani matsayi da mai bishof ke iya cin wasa. Nikolić ya yi taku sama da 100 yana neman kama sarkin baƙi, bai samu ba.

Tasiri a kan doka

A ƙa'ida, ɗan wasa na iya neman canjaras idan kowane ɓangare ya yi taku 50 ba a ci ɗa ba, ba a kuma motsa soja ba. A 1984 hukumar ces ta duniya, FIDE, ta ƙara adadin zuwa 100 ga wannan yanayi, abin da ya ba wasan damar yin tsawo haka. Daga baya an rage shi zuwa 75, sannan a 1992 aka maido da dokar taku 50 ga kowane yanayi.